Bashen da kaji suka gada

Shekara goma sha ɗaya motar nan ta yi a bayan gidanmu na Bagalam, ƙarƙashin bedi, tayoyinta sun nutse cikin rairayi, kaji na saka ƙwai a kujerar direba. Peugeot 404 ce mai buɗaɗɗen baya, wadda mu a Maraɗi muke kira bashe, ƴan'uwanmu na ƙetaren iyaka kuma su ce akori-kura. Da ita mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi ta jigilar gyaɗa da gero da wake daga Tibiri da Madarunfa zuwa babbar kasuwa, har ya aurar da mu duka. Ranar rabon gado masu sayen tsohon ƙarfe har sun fara zarya. Na ce a saka ta cikin kasona. Yayana ya dube ni ya ce, "Kai dai wahala ka gada."

Ni malamin makaranta ne, alli na sani, ban taɓa kwance ko ƙusa ɗaya a jikin mota ba. A babban hutun 2019 na soma, kuma da wauta na soma: fenti. So nake masu wucewa su ga ana aiki. Aka goge ta, aka fesa mata fari tas, kuɗin da na tara suka tafi. Sai bayan nan na je na ɗauko wani dattijon makanike da ya yi wa mahaifinmu aiki, wanda kowa ke kira Baba. Ko kallon fentin bai yi ba. Ya shimfiɗa buhu, ya kwanta ƙarƙashinta, ya dinga cakar ƙarfe da tsinin sukudireba. A daidai inda direba ke ajiye ƙafa sukudireban ya ɓullo ta sama. Ya fito yana kaɗe riga, ya ce, "Ɗana, ka yi wa amarya lalle ba ka tambayi lafiyarta ba." Wutar walda ta cinye rabin fentin nan cikin mako guda.

Injin ya kafe, ba ya juyawa ko kaɗan. Baba ya cire buji huɗun, waɗanda a 404 suke can cikin dogayen ramuka sai da makulli mai dogon wuya, ya tsiyaya gazuwal a kowane rami, ya ce a bar shi. Kwana goma muna zuwa muna ɗan motsa shi kafin ya saki. Daga nan muka cire kan injin.

A nan ne na yi ɓarnar da ta fi fenti tsada. Silindojin wannan inji ba a jikin tukunyar aka huda su ba. Kowane fistan yana cikin wata rigar ƙarfe da ake zarewa, makanikanmu na ce mata shamis. Ruwan sanyaya inji yana zagaye jikin rigar kai tsaye, kuma abin da ke hana shi gangarawa cikin baƙin mai wani siririn zobe ne a gindinta. Kan injin ne ke danne rigunan. Idan ka cire shi, dole ka ɗaure su da ƙusa da faffaɗan zoben ƙarfe kafin ka juya injin, in ba haka ba fistan zai ɗago rigar, zoben ya tashi daga mazauninsa. Baba ya faɗa mani wannan da bakinsa, ya tafi sallar la'asar. Ni kuwa zumuɗi ya hana ni zama, ina son in ga fistan na hawa da sauka. Juyi ɗaya na yi. Na ga riga ta biyu ta ɗan ɗago, na mayar da ita da tafin hannu, na yi gum da bakina.

Muka haɗa, ta tashi, yaran unguwa suka yi ta ihu. Kwana huɗu bayan haka na zaro sandar awon mai, sai ga shi fari-fari kamar kunun gyaɗa. Baba ya shafa a yatsa, ya dube ni, ya ce, "Ka juya shi?" Na ce, "Na juya, Baba." Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mani sauƙi. Cewa ya yi kawai, "To, sai mu sauke shi gaba ɗaya."

Ga kuma ƙarin gishiri: a watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020. Kayan 404 kuwa can suka fi yawa, tunda tun 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, ita ma 404 an harhaɗa ta a can. Abin da a da za ka bi ta Ɗan Isa da Jibiya ka isa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ka saya, ya koma sai ta waya da aike. Nan na gane Hausarmu ɗaya ce amma ta gareji biyu ce. In ce buji, mai shago ya ce fulogi. In ce shamis, ya ce silib. In ce kilas, wato kan inji, ya yi shiru. Sau biyu aka aiko mani da kayan 504. Daga baya na daina bayani, sai in ɗora tsohon kayan kusa da rula irin ta ɗalibaina, in ɗauki hoto in tura ta WhatsApp. Wata biyar injin na zube a kan tabarma, kowace ƙusa cikin gwangwanin tumatir da na rubuta wa suna, uwargida na tsallakawa tana tsaki.

Sauran aikin bai da labari sosai. Duk wata roba ta burki mun canja ta, ko da ido bai ga tsaga ba. A kan wannan Baba bai yarda da ciniki ba, kuma ina bayansa. Aka wanke tankin mai da lagireto, aka sake wayoyin da ɓeraye suka ci, aka wanke karbureta. Takardu ne suka ja ni, don katin motar da sunan marigayi yake, sai da na haɗa da takardar gado kafin ya dawo sunana. Da tun ranar farko na fara wannan zirga-zirga, da ta ƙare tun injin na kan tabarma.

Fitarta ta farko, Inna na ɗauka zuwa Tibiri gaishe da ƙanwarta. Giyar a jikin sitiyari take, hannuna na ta laluben ta biyu, Inna na cewa, "Sannu dai, mahaifinku ba ya sa ta kuka haka." Da muka isa, ƙofar motar ta gefen Inna ta ƙi buɗewa. Kafin in zagayo, ta ɗan ɗaga ta sama da hannu biyu ta tura da kafaɗa, ta buɗe. Na ce gobe zan sa Baba ya gyara maƙalar. Ta ce, "Kada ka taɓa. Haka take tun ina goyon ka."