Taurarinmu sun tsufa, damina kuma ba ta jira

Duk lokacin da na bi hanyar Bauchi zuwa Jos nakan tuna cewa a Toro akwai cibiyar hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, wato NASRDA, mai aikin auna siffar doron ƙasa da lura da motsinsa. Mutanen jiharmu da yawa ba su san da zamanta ba, kuma ina ganin wannan rashin sanin ne ya sa ake ɗaukar zancen tauraron ɗan'adam kamar hirar mutanen Abuja, alhali ya shafi manomin shinkafa na Gadau da mai lambu a bakin Dadin Kowa.

An kafa hukumar a 1999, kuma a watan Satumba na 2003 aka harba tauraronmu na farko, NigeriaSat-1, mai ɗaukar hoton ƙasa, daga Rasha, bayan wani kamfani na Ingila ya ƙera shi. Tauraron sadarwa na farko, NigComSat-1, ya tashi daga Sin a 2007, amma ya daina aiki a 2008 saboda matsalar farantan da ke samar masa da wuta daga hasken rana. Shekarar da ta fi faranta mini rai ita ce 2011, domin a watan Agusta aka harba taurarin ɗaukar hoton ƙasa guda biyu, NigeriaSat-2 tare da NigeriaSat-X, wanda injiniyoyinmu ne suka haɗa shi da hannunsu a lokacin da suke karɓar horo a Ingila, sannan a Disamba NigComSat-1R ya maye gurbin wanda ya lalace.

Damuwata ita ce kowane tauraro yana da wa'adi. An tsara NigeriaSat-2 ya yi shekara bakwai yana aiki, NigComSat-1R kuwa shekara 15, wato wa'adinsa ya kama 2026. Tun daga 2011 ba mu sake harba wani babban tauraro na ɗaukar hoton ƙasa ba.

Labaran da suka fi jan hankalin jama'a a 'yan shekarun nan na wani fanni ne daban. A Disamba 2022 Najeriya da Ruwanda suka zama ƙasashen Afirka na farko da suka sa hannu a yarjejeniyar Artemis, wadda Amurka ke jagoranta kan binciken duniyar wata, kuma a 2024 aka sanar da shirin tura ɗan Najeriya sararin samaniya a kumbon kamfanin Blue Origin, tafiyar da ba ta wuce 'yan mintoci. Ban raina waɗannan ba, domin yaron da ya ga ɗan ƙasarsu a cikin kumbo zai iya ƙaunar lissafi har abada. Sai dai sanarwar da ta fi kwanta mini a rai ita ce ta 2025, cewa gwamnati ta amince da samar da sababbin taurari huɗu, ɗaya daga cikinsu mai aiki da radar.

Tauraro mai kyamara yana buƙatar haske da sarari garau, saboda haka a watan Agusta, lokacin da hadari ya rufe sama kuma kogin Jama'are ya cika ya batse, a daidai lokacin ne idonsa ke rufewa. Shi kuwa radar yana aika nasa saƙon ƙasa ya karɓi abin da ya dawo, ya ratsa gajimare dare da rana, ya nuna inda ruwa ya kwanta da inda yake nufa. Wanda ya ga yadda ambaliya ke cinye gonaki a Zaki da Gamawa da Katagum, har ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a 2024, ya san darajar gargaɗin kwana biyu ga mai buhunan hatsi a rumbu.

Roƙona ga wakilanmu a majalisa shi ne su riƙa tambayar ranar harbawa da kuɗin da aka saki, su kuma nemi a shimfiɗa hanyar da hotunan za su riƙa isa hukumar agajin gaggawa ta jiha da malaman gona, a fassara gargaɗin da Hausa da Fulfulde, a karanta shi a rediyo kafin ruwa ya iso gari.