Jinya ba tare da taɓa majinyaci ba

Shekaru na yi ina aikin jinya a sashen kulawa ta musamman, inda ake kwantar da waɗanda rai ke hannun Allah. Majinyaci ɗaya ko biyu ne rabona: in juya shi, in zuƙe majinar da ta taru a bututun numfashi, in auna fitsarinsa awa-awa. Ciwon baya ne ya sa na koma jinya daga nesa.

Yanzu a zaune nake, allunan kwamfuta jere a gabana, ina lura da majinyata 30 zuwa 40 a asibitoci daban-daban. Bugun zuciya, awon jini, iskar oksijin, sakamakon gwaje-gwaje, duk suna iso min nan take. Kamarar kowane ɗaki tana jawo hoto har in karanta lambar da ke jikin na'urar ƙarin ruwa. Da na zo na ɗauka korona ce ta haifi tsarin a 2020, ashe yaɗa shi kawai ta yi: likitoci biyu na asibitin Johns Hopkins a Amurka ne suka kafa VISICU, kamfanin da ya haɗa irin wannan tsari, a 1998, asibitocin Sentara na can Amurka suka fara aiki da tsarin a 2000, kamfanin Philips ya sayi VISICU a 2008.

Na yi rashi, babu ɓoyewa. A da, tafin hannuna kan gaya min majinyaci ya fara sanyi da gumi tun kafin na'ura ta yi ƙara. Kamara ba ta jin ɗumin fata, ba ta jin wari. Abin da na samu a madadin shi ne nutsuwar kallon awanni a jere. Nas ɗin da ke bakin gado tana kai-komo, wannan na kira, wancan na jiran magani. Ni kuwa ina iya ganin bugun zuciya na hawa kaɗan-kaɗan tun la'asar, fitsari na raguwa, awon jini na sulalewa ƙasa. Kowane shi kaɗai ba abin tashin hankali ba ne, amma idan suka haɗu sau da yawa ƙwayoyin cuta ne suka shiga jini, kuma jinkirin magani a nan kisa yake yi.

Sai dai gani ba ya warkarwa. Hannun nas ɗin da ke bakin gado zan ara, kuma ba za ta ba ni ba sai ta yarda da ni. Wasu na ɗaukar mu 'yan leƙen asiri masu neman kuskurensu. Ban ga laifinsu ba, domin babu mai son murya ta faɗo masa daga bango yana tsakiyar aiki. Shi ya sa ba na buɗe kamara sai ƙararrawa ta kaɗa, na gaisa, na faɗi sunana, ko da majinyacin ba ya cikin hayyacinsa. Ba na cewa "kin duba kuwa?" Cewa nake, "Sista, sannu da aiki, fitsarin mai gado na 4 ya ragu, ke yaya kika gan shi?" Sau da yawa ta riga ni sani, mai goya mata baya take nema ta kira likita.

Lokacin da ya fi min nauyi shi ne idan zuciya ta tsaya. Jikina yakan zabura in je in danna ƙirji, alhali ina can nesa. Sai in riƙe musu agogo: duk minti 2 in ce a duba bugu a sauya mai dannawa, in tuna musu allurar adirenalin kowane minti 3 zuwa 5, in rubuta komai, domin kada ko mutum ɗaya ya bar majinyaci ya ɗauki biro.