Woking, garin da ke watsewa da safe

Daga tashar Waterloo a Landan, jirgin ƙasa mai sauri bai cika rabin awa ba ya sauke ni a Woking, cikin yankin Surrey. Ƙarshen Nuwamba ne, sanyi ya kankama. Aikina na kwamfuta ne, duk inda intanet yake nan ne ofis, shi ya sa da wani ɗan'uwana ya ce in zo in riƙe masa ɗaki zai je gida ganin iyali, ban yi wata-wata ba.

Garin na masu kwana ne. Tun duhun asuba za ka ji ƙofofi na rufuwa, mutane sun ɗuru cikin manyan riguna, kowa da kofin shayi ko kofi a hannu, sun nufi tasha. Kafin ƙarfe tara layinmu ya koma kamar an yi shara. Sai mai raba wasiƙu, sai wata tsohuwa da karenta, sai ni a bakin taga ina amsa saƙonni. Da farko na ji daɗi ƙwarai, don wuta ba ta ɗaukewa, ba ƙarar janareta, aikin wuni sai in gama shi kafin azahar. Amma shirun nan yana da nauyi. Mutum ya wuni bai yi wa kowa sallama ba, maƙwabcinka ya ɗaga maka hannu daga nesa ya shige, ba don ƙiyayya ba, haka tarbiyyarsu take. Ga rana ba ta daɗewa: wajen ƙarfe huɗu an yi magariba, azahar da la'asar kusan a manne suke, dole ka tsara tarukanka na bidiyo da lissafi. A wannan lokacin agogon Najeriya na gaba da awa ɗaya, don haka in na kira gida da yamma har sun ci tuwo.

Abin da ya riƙe ni a garin shi ne masallacin Shah Jahan da ke titin Oriental. An gina shi a 1889, kuma shi ne na farko da aka gina musamman domin salla a Birtaniya. Wani masanin harsunan Gabas, Gottlieb Leitner, ya sa aka yi ginin, sarauniyar Bhopal ta ƙasar Indiya, Shah Jahan Begum, ta ba da kuɗi mai tsoka, aka sa masa sunanta. Na zaci zan ga ƙaton gini. Ashe ɗan ƙarami ne, fari, da koriyar ƙubba, cikinsa sahu kaɗan yake ɗauka, har sai da aka tanadi manyan zauruka a gefe saboda jama'a. Na cire takalmi na shiga, na tsaya ina kallon rubutun ayoyi a bango, ina tuna cewa sama da shekara 130 ke nan goshi na taɓa ƙasa a wurin nan. Jikina ya yi sanyi.

Ranar Juma'a kuwa ka ce ba garin ba ne. Direbobin tasi, ɗalibai, dattawan Pakistan da suka yi shekaru a unguwar Maybury, da irina masu aiki daga gida da suka rufe kwamfuta suka fito. Wani dattijo ya riƙe hannuna bayan sallama, ya tambaye ni daga ina, da na ce Najeriya ya ce lallai sai na ci abinci a gidansa. Shi ya nuna mini mahautan halal a titin Walton.

Sauran ranaku in na gaji da allo sai in bi gefen magudanar Basingstoke (hanyar ruwa da aka haƙa don jiragen ruwa) a ƙafa, ko in shiga dajin Horsell. A can akwai tsohuwar maƙabartar sojojin Indiya Musulmi da suka rasu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. An kwashe gawarwakin zuwa maƙabartar sojoji ta Brookwood da ke kusa daga baya, aka mayar da wurin lambun tunawa, ganuwarsa ta jan bulo na nan. Na yi musu addu'a, na koma da sauri, don akwai taron aiki ƙarfe uku.