Godiya Bayan Tattakinmu na Bakin Kogin Kaduna

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, mun je lafiya mun dawo lafiya. A madadin abokan motsa jiki da muke haɗuwa a Murtala Square duk safiyar Asabar, ina miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu a tattakin da muka yi cikin kurmi har zuwa dutsen da ke kallon Kogin Kaduna.

Zan fara da mai unguwar ƙauyen da muka ajiye mota, Allah ya ƙara girma. A halin da ake ciki ba mai kwasar mutane ya shiga daji haka kawai. Shi ya ba mu izini, ya haɗa mu da 'yan banga, ya kuma ce lallai mu fito kafin La'asar.

Sai Baba maharbi da ya ja mu. Mu muna cikin kambas muna haki, shi yana cikin takalmin roba, da gora a kafaɗa, ko gumi bai yi ba. Hanyar ba ta da wuyar a zo a gani, sai dai ciyawar ƙarshen damina ta kai ƙugu, ƙarangiya ta cika mana wanduna, ga hawa guda kafin a kai saman dutse da ya sa masu surutun cikinmu suka yi tsit. Duk bishiyar da muka wuce sai ya kira sunanta: ɗorawa da ake daddawa da kalwarta, kaɗanya, marke, taura. Da muka iso wani fili mai cike da kututture sai ya tsaya. Ya ce nan da kirya ce jere, masu gawayi suka gama da ita. Ban ji daɗi ba, don buhunan da ake jibgewa a bakin titi mu mutanen gari ne ke saye.

A saman dutsen kuwa, masha Allah. Yawancinmu daga kan gada kawai muka san kogin nan, cikin cunkoson motoci. Daga can sama sai ga shi shimfiɗe, ruwan har yanzu jaja-jaja, masu yashi suna loda kwale-kwale har ya kusa nutsewa, manoman fadama sun fara gyaran kwamin noman rani. Malam, malamin labarin ƙasa da ke cikinmu, mun gode da darasin da ba mu biya ba. Shi ya tuna mana cewa ruwan nan daga tsaunukan Filato kusa da Jos ya taso, yana tafiyar kilomita kusan 550, ya bi ta madatsar Shiroro da Zungeru kafin ya faɗa Kogin Neja. Wani ya ce ashe wutar da ake ɗauke mana ce ke wucewa a gabanmu.

Wajen saukowa wata 'yar'uwarmu ta zame ta yi targaɗe. Sista da ke cikinmu ta ɗaure ƙafar da gyalenta, wani saurayi ya taho da babur ta hanyar shanu ya kai ta ƙauye. Mun yi mun yi ya karɓi kuɗin mai, ya ƙi. Ɗan'uwa, Allah ya biya ka. Ƙafar tana sauƙi, ta fara takawa.

Iyayenmu mata da suka dama mana fura, suka ba mu tabarma da buta muka yi Azahar, da direban da ya yi ta jira bai ɓata rai ba, da iyalanmu da suka bar mu muka tafi alhali hankalinsu bai kwanta ba, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Wanda ya manta filas ɗin shayinsa a mota, yana hannuna, ya zo ranar Asabar ya karɓa.