Godiya bayan kallon Perfect Blue da tattaunawar da ta biyo baya

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an yi taron kallon Perfect Blue, fim ɗin zane na Japan, an watse lafiya. Duk wanda ya biyo mu ya san faɗi-tashin da aka sha kafin daren Asabar, ba sai mun sake jero shi ba. Mu 'yan kwamiti har yanzu jiki bai koma daidai ba, amma godiya ba ta jiran a huta.

Ta farko ga ƙanwarmu da ta yi fassarar da ke fita a ƙasan allo. Ta roƙa kada a ambace ta. Sunan mun ɓoye, aikin kuwa ba zai ɓoyu ba. Ta daidaita rubutunta ne da kwafi mai gudun hoto 24 a daƙiƙa, sai ga faifan da ya iso na Turai ne, mai gudun 25. Bambancin kashi 4 cikin ɗari ne kacal, amma fim mai minti 81 yakan koma wajen 78, kowane minti magana ta tsere wa rubutu da sama da daƙiƙa biyu. Kafin a kai tsakiya ratar ta haura minti ɗaya da rabi. Matsar da layuka ɗaya bayan ɗaya ɓata lokaci ne. Saurin fayil ɗin rubutun gaba ɗaya ake sauyawa, sannan a ajiye shi a tsarin adana haruffa na UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ su fito 'yan akwatuna. Rubutun kuma layi biyu ne a allo, kowanne kada ya wuce harafi arba'in. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara basira.

A wani fim ɗin da ana iya kau da kai ga wannan rata. A aikin Satoshi Kon, daraktan fim ɗin, ba ta yiwuwa, domin duk dabararsa a yankan hoto take. Mima, jarumar fim ɗin, tana tsakiyar magana a wasan talabijin ɗin da take fitowa, Double Bind, sai hoto ya yanke ka tarar da ita tana farkawa a gadonta, ka rasa wanne ne wasa, wanne ne mafarki, wanne ne zahiri. Kuma daidai wurin nan allonmu ya yi baƙi ƙirin. Babu wanda ya motsa, kowa ya ɗauka Kon ne ya sake juya mana hankali. Mu da ke bayan na'ura muka san wuta ce ta ja baya, don an haɗa fankoki da lasifika da na'urar haska hoto a layi ɗaya. Na'urar haska hoton irin mai fitila ce, in ta mutu zafi-zafi sai ta huce take sake kamawa.

Baba mai shago na bakin ƙofa, kai kam sai mun faɗe ka. Ba wanda ya roƙe ka, ka zare firjin lemonka daga janaretanka ka miƙo mana waya ta taga, ka ce lemo ya yi ɗumi ba komai. Allah ya buɗa maka kasuwa, ya raya maka zuri'a, ya haskaka kabarin iyayenka.

Godiya ga malaminmu da ya jagoranci tattaunawa. Ya tuna mana fim ɗin Kon na farko ne, kamfanin Madhouse ya yi shi daga littafin Yoshikazu Takeuchi, aka fara nuna shi a Montreal ta Kanada a 1997. A ciki sai da Rumi, manajarta, ta koya wa Mima yadda ake shiga intanet, can ta tarar wani na rubuta sirrin rayuwarta da sunanta a shafin Mima's Room. Da aka zo nan 'yan mata da dama suka ɗaga hannu, don shafin bogi ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Ya kuma kawo wurin bahon wanka da darakta Darren Aronofsky ya kwaikwaya kusan hoto da hoto a fim ɗinsa Requiem for a Dream na 2000. Black Swan na 2010 kuwa Aronofsky ya ce ba daga nan ya ɗauko ba. Mu dai mun ga madubai da inuwar da ke bin mai ita, kowa ya yanke nasa hukunci. A 2010 ɗin ce Kon ya rasu yana da 46, dogayen finafinai huɗu kaɗai ya kammala.

Mai gadi, mun gode da ka tsaya kan maganar shekara 18, ka sallami yara da lalama. Fim ɗin yana da wurare masu nauyi, zane ko ba zane ba. Yayyenmu da kawunnanmu da suka ce katun na yara ne, kujerun gaba da muka ware muku haka suka kwana. Ba komai, uzuri ne, Allah ya bar zumunci.

Waɗanda suka zo daga nesa, Allah ya sa kun isa gida lafiya. Wanda ya tafi da doguwar wayar Baba bisa kuskure, don Allah ya mayar masa kafin Juma'a.