Lambar Baba Soja

A gidanmu ba a kiransa da sunansa na yanka, Baba Soja ake ce masa. Ƙanen kakana ne na wajen uba, ya rasu tun ban yi wayo ba. Abin da na tashi ina ji a kansa bai wuce uku ba: ya je yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, a yaƙin duniya na biyu, ya daina cin shinkafa har ya koma ga Allah, kuma idan ruwa ya kwana yana zuba sai ya shige ɗaki ya ƙi kula kowa. Da na kai ajin ƙarshe a sashen tarihi aka ce kowa ya kawo batun da zai rubuta kundinsa a kai, ban yi dogon tunani ba na ce 'yan mazan jiya na ƙasarmu. A raina kuwa Baba Soja nake nema, kundin dalili ne kawai.

Ban yi mako biyu da farawa ba na tafka kuskuren da har yau ake tsokanata da shi. Gidan adana tarihi na Ingila da ke Kew ya sa takardun da hafsoshi suka rubuta suna neman a ba sojojinsu lambar yabo a intanet. Na rubuta sunan yankan Baba Soja, na bi shi da sunan garinmu, sai ga shi ya fito: saje a rundunar Nijeriya, an yabe shi da jarunta a Bama. Jikina har rawa yake. Kafin in gama karantawa na tura a zauren WhatsApp na dangi, kafin magariba wani baffana ya riga ya fara maganar a buga takardar a sa a gilashi.

Washegari na kai wa malamin da ke duba aikina. Ya karanta a nutse, ya cire tabarau, ya ce, "To madalla. Lambarsa nawa?"

Na nuna masa lambar da ke jikin takardar.

"Wannan ta saje ce. Ta kakan naka nake tambaya."

Na ce, "Ai shi ne, Malam. Sunan ɗaya, garin ɗaya."

Sai ya tambaye ni ko Malam Aminu Kano ɗan'uwan duk wani mai amsa Kano ne. Na yi shiru, don na san amsar tun ina firamare. Bahaushe ba shi da sunan zuriya irin na Bature. Sunanka na yanka ne, sai na mahaifinka, sai laƙabi ko sana'a idan ana son bambantawa. Bature ya zo da takarda mai gurbi biyu, dole a cike na biyun, sai makaranta da bariki suka riƙa cike shi da sunan gari. Haka aka sami Shehu Shagari da Isa Kaita da Sa'adu Zungur da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Babu mai hankalin da zai ce duk mutanen Kaita gida ɗaya suka fito. Amma da na ga sunan garinmu a takardar Turawa, an buga shi da keken rubutu, sai na ɗauke shi kamar sunan gidanmu. Takarda tana da wannan kwarjini, musamman ga ɗalibin da ya ƙagu ya ga ya gano wani abu.

Wadda ta ƙarasa kashe maganar ita ce Goggo, 'yar Baba Soja ta fari. Da na karanta mata labarin sajen sai ta yi dariya har da riƙe ciki. "Kai ɗan nan, saje? Baba ko igiya ɗaya bai taɓa ɗaurawa ba."

Daga nan na koma aiki na gaske, wato na zaman ƙura a gidan adana tarihi na ƙasa da ke Kaduna da kuma Arewa House. Fayil-fayil na lardi suna ɗauke da wasiƙu kan ɗibar soja, da jerin waɗanda aka sallama bayan yaƙi suna neman aikin ɗan doka ko masinja a En'e. Can na ga yadda suna yake narkewa a hannun akawun bariki. Abubakar ɗaya zai iya zama Garba a wannan takarda, Garuba a waccan, Bukar ko Habu a ta uku. Muhammadu ya koma Momo ko Moma. Katsina a wasu tsofaffin takardu Katsena ce, Gumel kuwa Gummel. Wasu ma ba gari aka laƙa musu ba, ƙabila ce: Zabarma, Bagirmi, Banana. Yawancin waɗannan daga ƙasar Faransa suka tsallako, ta wajen Nijar da Chadi da arewacin Kamaru, amma da yake Hausa ce harshen bariki, duk Hausawa ake ce musu.

Na ware littafi guda na rubuta duk sojan da na gani yana amsa sunan garinmu. Suka kai 23. Hutun da ya biyo baya na hau babur na bi ƙauyuka, na sami iyalan 9 daga ciki. Ko biyu babu da suka haɗa kaka. Mafi yawansu ma ba a cikin gari aka haife su ba, mutanen ƙauye ne da aka tambaye su daga ina, suka faɗi sunan garin da Bature zai gane. Wani dattijo ya gaya mini mahaifinsa mutumin ƙasar Damagaram ne, aikin tilas na Faransa ya guda, ya kwana uku a kasuwarmu, da aka zo rubuta suna ya ba da sunan garin don kada a mayar da shi. Wani kuma ya ce nasa uban ɗiban gwamna ya gujewa, lokacin da ake kwasar mutane zuwa haƙar kuza a Jos, ya ga gara kakin soja da ramin kuza. Akwai wanda ya canza har sunan yanka saboda ya tafi ba da yardar mahaifinsa ba. Iyalinsa sun san haka, takarda ba ta sani ba. Da na tsaya a Kaduna kawai, da na rubuta babi guda a kan "zuriyar jarumai" da ba ta taɓa wanzuwa ba, kuma da wuya wani ya kama ni.

Abin da ba ya narkewa shi ne lamba. Sojan Nijeriya na wancan yaƙi lambarsa tana farawa da NA, na Gwalkwas, wato Gana ta yau, da GC, kuma da ita ake biyansa, da ita ake kwantar da shi a asibiti, da ita ake binne shi. Don haka na koma wajen Goggo na roƙe ta ta buɗe adakar mahaifinta. Sai da na yi zuwa uku. Ranar da ta yarda, ta sa na yi alwala tukuna, ban tambayi dalili ba.

A ciki akwai lambobin yabo a ƙulle cikin tsumma, har da Tauraron Bama mai tsini shida. Na yi saurin juya bayansa ina neman suna, wayam. Daga baya na fahimci cewa Ingila ba ta buga suna a irin waɗannan taurari na yaƙin duniya na biyu ba, saɓanin lambobin yaƙin farko da ake buga suna da lamba a jikinsu. Ke nan wanda ya nuna maka Tauraron Bama ya nuna maka cewa wani ya je Bama, bai nuna maka ko wane ne ba. A ƙarƙashin tsumman ga takardar sallama, gara ta cinye kusurwar da nake nema. NA ta tsira, alƙaluma biyu na ƙarshe sun tsira, tsakiya babu.

Ina zaune na rasa abin yi sai Goggo ta ce, "Lambar tasa kake so? Ai na iya." Ta gyara zama ta rero ta da Turancin bariki, kamar yadda yara ke rera karatun allo, ba ta san ma'anar ko kalma ɗaya ba. Ashe a ciwonsa na ƙarshe, idan zazzaɓi ya hau, lambar yake ta maimaitawa har da ƙamewa a kwance, ita kuma tana jinyarsa har ta zauna mata. Na sa ta maimaita sau huɗu ina rubutawa. Alƙaluma biyun ƙarshe suka dace da na takardar. Da lambar sajen nan kuwa ko kusa ba su yi kama ba.

Na sha karanta cewa a haɗa rubutacciyar shaida da ta baka, na kuma rubuta hakan a jarrabawa na ci maki. Ranar ce na ga yadda abin yake: takardar da gara ta ci da tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba, kowace ta riƙe rabin da ɗayar ta rasa. Kuma na lura da wani abu a duk gidajen da na shiga. Maza su ne masu labarin faɗa da Japan, kowa ubansa ya kashe goma. Mata su ne suka san shekarar da ya tafi, da wanda aka haifa bayan tafiyarsa, da tabon da ke kafaɗarsa, da abin da ba ya ci. Don aikin tarihi, nasu ya fi amfani nesa ba kusa ba.

Saura in san rundunarsa. Sojojin Afirka ta Yamma sun je Bama a manyan runduna biyu, ta 81 da ta 82. Ta 81 ce ta fara isa a 1943, ta yi faɗa a kwarin Kaladan, alamarta baƙin gizo-gizo. Bataliyoyin Nijeriya uku daga cikinta, ta 6 da ta 7 da ta 12, an ware su suka bi dakarun Chindit, masu kutsawa bayan dagar Japan, a 1944. Ta 82 ta iso a 1944, alamarta masu biyu gicciye a kan gammo. Na tambayi Goggo ko ta tuna wata alama a tsohuwar rigarsa. Ban ba ta zaɓi ba, don na koyi cewa idan ka ba tsoho zaɓi zai ɗauki wanda ya ga kana so. Ta yi ɗan tunani ta ce, "Gammo ne da masu." Ta ƙara da wani suna da yake yawan ambata, Mayohan. Myohaung ke nan, tsohuwar hedikwatar sarakunan Arakan da ke yammacin Bama, wadda rundunonin biyu suka haɗu suka ƙwace a Janairun 1945. Sai a lokacin na gane cewa barikokin Dalet da Kalapanzin da nake jin sunansu kullum a Kaduna, da Letmauk a Ibadan, da Arakan da Myohaung a Legas, da Chindit a Zariya, duk sunayen wancan yaƙi ne. Wata biyu ina wucewa ta kusa da wasunsu ban taɓa tambaya ba.

Takardar sallamar ta faɗi sauran. Baba Soja yana cikin rukunin da ake kira Auxiliary Group, wato sojoji masu ɗaukar kaya. Suna da kaki da lamba da albashi kamar kowa, amma aikinsu dako ne, yawancinsu adda ce makaminsu. Dazukan Arakan tsaunuka ne da rafuka, mota ba ta shiga. Jirgin sama ne ke jefo abinci da harsashi, daga inda ya jefo kuwa sai kan mutum. Har igwa ake kwancewa gunduwa-gunduwa a ɗora musu, ga kuma waɗanda aka harba da ake ɗaukowa a makara. Gammon da ke jikin alamar rundunar ba ado ba ne.

Baffan nan nawa bai ji daɗi ba ko kaɗan. Ya kira ni gefe ya ce, "Yanzu kai sai ka rubuta wa duniya cewa kawunmu ɗan dako ne? Ka bar shi a soja kawai mana." Na ce, "Baffa, ai sojan ne." Ya ce in dai cire maganar kayan. Na ƙi, cikin ladabi, kuma mun yi wata guda gaisuwa kawai ke haɗa mu. Har yanzu ina ganin na yi daidai, ko da yake na gane abin da ke damunsa: ni ne na fara ɗora masa saje, ni ne kuma na sauke. Goggo ce ta raba gardamar da maganar da ta ce mahaifinta yakan yi idan masu bindiga suna cika baki a gindin bishiya: "Ku da bindiga kuka yi yaƙin, mu da kanmu muka yi shi." Da ita na buɗe babi na uku.

Akwai mutum na uku mai wannan suna. Na ci karo da shi a shafin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel. Farabiti ne, ya rasu a 1945, sunansa yana jikin bangon tunawa na Rangun da ke maƙabartar Taukkyan, inda aka rubuta kusan mutum 27,000 da ba a san kabarinsu ba. Sunan yanka irin na Baba Soja, sunan gari irin nasa, lamba daban. Gurbin iyaye da na mata babu komai. Na yi cigiyarsa a duk ƙauyukan da na bi, na bar wa dagatai biyu kwafin shafin, babu wanda ya ce nasa ne. Mai yiwuwa shi ma kwana uku ya yi a kasuwarmu.

Da na gama kundin na kai wa Goggo kwafi, na nuna mata shafin mutumin na gaya mata yadda muka yi. Ta karɓi takardar ta daɗe tana kallo, a juye ma ta riƙe ta. Sannan ta ninke ta, ta sa a adaka kusa da ta mahaifinta. Ta ce ranar Juma'a idan ta yi sadakar ƙosai za ta riƙa haɗawa da shi.

"Ai ba wahala," in ji ta, "sunan ɗaya ne."