Bartók da waƙar yaron da shanunsa suka ɓace

Jama'a ku yi haƙuri, yau kiɗan Turawa zan kawo muku. Akwai wasu guntayen kiɗan fiyano guda 14 da Béla Bartók, mutumin Hangari, ya rubuta a 1908, ana ce musu Bagatelles, wasu ko minti biyu ba su kai ba. Wallahi in ka fara jin na farkon sai ka ɗauka yaro ne ke wasa da fiyanon babansa, don hannun dama an sa mashi alamar ɗaga sauti guda 4, na hagu kuma alamar sauke sauti guda 4, kowane hannu da hanyarsa, suna ta gogar juna. Shi da kansa daga baya ya ce rabi wasa ne rabi gaske.

Amma ni na 4 ne ya kama ni. Tun wajen 1906 shi da abokinsa Zoltán Kodály suke bin ƙauyuka da na'urar ɗaukar murya ta Edison, irin mai naɗa sauti jikin kakin zuma, suna ɗaukar waƙoƙin manoma da makiyaya, har Biskra ta Aljeriya Bartók ya je a 1913. To na 4 ɗin waƙar wani yaro mai kiwo ce, barci ya kwashe shi kusa da garke, ya farka tsakar dare babu saniya ko ɗaya. Mu nan Zamfara wanga labari ba sai an yi mana bayani ba.

Abin da Bartók ya yi wa waƙar shi ne abin lura, bai taɓa karin waƙar ba, ya bar ta yadda bakin makiyayi ya rera ta, sai ya jera mata sautuka masu kauri a ƙasa suna tafiya tare da ita, a maimaici kuma ya ƙara wasu da malaman kiɗa na lokacin ke cewa karo ne, dole a warware shi. Shi ko ya ƙi warwarewa, don tsofaffin waƙoƙin ƙauyen da yawansu kan sauti 5 suke tafiya, a cikinsu tazarar da ke tsakanin sautukan da ake cewa karo ne ba baƙuwa ba ce. Wato tsamin da mutanen birni suka ji, daga ƙauye ya samo hujjarsa.

Shi ya sa nake jin haushin wasu yaranmu na situdiyo a Gusau, a ɗauko karin kiɗan kotso irin na su Ɗanƙwairo a ɗora kan fiyano, a goge duk wani kaushi, a matse muryar da kwamfuta har ta koma kamar shayin da sikari ya yi wa yawa. Amshin 'yan amshi da ke hawa kan muryar uban kiɗi kafin ya dire, shi suke fara yankewa wai ba ya shiga awo, alhali nan ne daɗin yake.